Libarbar Gwaji: Yadda Ake Tara Samfuran Farko na Bindigogin Amurka da Yadda Ake Tantance Su

Duk wani abin da masana'anta ke fitarwa dubu-dubu, ko keken ɗinki ne ko injin ban-ruwa, akwai guda ɗaya ko biyu da aka fara ƙerawa da hannu domin a gwada a ga ko tunanin mai ƙirƙirar zai yi aiki. Wannan shi ake kira samfurin gwaji. Galibi ba shi da kyan gani, ba a yi masa ado ba, kuma da zarar ya gama aikinsa sai a jefa shi bayan kabad, ko a kwance shi a yi amfani da sassansa a wani gwajin. A ƙasar Amurka akwai mutane da gidajen tarihi waɗanda suka duƙufa wajen neman irin waɗannan samfura na ƙaramar bindigar nan da ake kira libarba, musamman waɗanda aka ƙera tsakanin 1830 da 1890, suna kuwa biyan maƙudan kuɗi a kansu. Samfurin gwaji shi ne ke nuna hanyoyin da mai ƙirƙira ya bi ya ga ba su ɓulle ba, abin da kayan kasuwa ba sa nunawa. Tun da kuma kuɗi sun shigo cikin lamarin, jabu ma sun shigo, har ya zama rarrabe na gaske da na ƙarya aiki ne na masana ƙarafa da masana sinadarai da masu binciken tsofaffin takardu.

Matsalar da libarba ta zo warwarewa

Mai karatu da ya taɓa ganin bindigar maharba, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ruga, ya riga ya san matsalar. Ana zuba albarushi ta baki, a tura harsashi, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sa'an nan a koma farko. Albarushin kansa haɗi ne na sinadarin fotasiyam naitiret kimanin kashi 75 cikin ɗari, da gawayi kashi 15, da farar wuta kashi 10. Idan ya kama wuta yakan fitar da iska mai zafi wadda ke tunkuɗa harsashi, amma fiye da rabin abin da ke saura bayan ƙonewar toka ce da hayaƙi, shi ya sa bindigar ke saurin cushewa.

Tun ƙarni na 16 maƙeran Turai ke ƙoƙarin yin bindiga mai harbi fiye da sau ɗaya. A 1818 wani Ba'amurke mai suna Elisha Collier, mutumin Boston, ya yi rajistar wata libarba mai aiki da ƙyastu a Ingila. Ta yi aiki, sai dai tana da tsada da wuyar sha'ani, domin ƙyastu yana bukatar garin albarushi a waje wanda tartsatsi zai faɗa wa. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne binciken wani limamin coci ɗan ƙasar Sikotlan, Alexander Forsyth, wanda a 1807 ya yi rajistar hanyar tayar da albarushi da sinadarin da ke fashewa idan an doke shi. Daga nan aka samo 'yar hular tagulla mai ɗauke da wani sinadari na zaiba, wadda ake ɗorawa a bayan kowane rami.

Ga yadda libarba take. Bututu ɗaya gare ta, amma a bayansa akwai wata 'yar ganga ta ƙarfe, wato silinda, mai ramuka biyar ko shida a kewaye, kowane da nasa albarushi da harsashi. Idan aka ja 'yar gudumar da ke bayan bindigar da babban yatsa, wani ɗan harshe na ƙarfe zai tura haƙoran da ke gindin silindar, ta juya gwargwadon rami ɗaya: digiri 60 idan ramukan shida ne, digiri 72 idan biyar ne. Nan take wata 'yar sakata za ta faɗa cikin gurbi ta riƙe silindar, yadda bakin ramin zai daidaita da bututu. Wannan daidaituwa ita ce gaba ɗayan wahalar. In ramin ya kauce ko da kaɗan, harsashin dalma zai daki gefen bututu, ɓarɓashinsa ya fantsama, ko ma bindigar ta tsage a hannun mai ita. Mafi yawan samfuran gwaji da ake tarawa ƙoƙari ne na amsa wannan tambaya guda: yaya za a juya silinda, a tsayar da ita daidai, a kuma cika ta da sauri?

Daga guntun katako zuwa garin Paterson

An haifi Samuel Colt a garin Hartford na jihar Connecticut a 1814. Yana da shekara 16 aka sa shi aikin jirgin ruwa mai suna Corvo, wanda ya tashi daga Boston zuwa Kalkata ta ƙasar Indiya a 1830. A cikin wannan tafiya ce ya sassaƙa sassan libarba da katako, kuma labarin da ya shahara shi ne wai haƙoran da ke riƙe keken jirgin ne suka ba shi dabarar. Wasu masana tarihi na ganin ya fi yiwuwa ya ga libarbar Collier a tafiyar. Guntayen katakon suna nan a gidan tarihi na Wadsworth Atheneum da ke Hartford, cikin kayan da matarsa Elizabeth ta bar wa gidan lokacin da ta rasu a 1905.

Colt ba maƙeri ba ne. Wasu ya riƙa biya suna mayar masa da tunaninsa ƙarfe, da farko Anson Chase a Hartford, daga baya John Pearson a garin Baltimore tsakanin 1834 da 1836. Hanyar da ya bi ya sami kuɗin biyansu za ta ba ɗalibin kimiyya dariya, domin yawo ya riƙa yi gari-gari da sunan Dokta Coult, yana shaƙa wa 'yan kallo iskar naitiros oksaid, wadda ake kira iskar dariya, suna biyan kuɗin shiga. Duk da haka kuɗin ba su riƙa isa a kan lokaci ba, Pearson ya sha yin ƙorafi a wasiƙunsa.

Samfuran da waɗannan maƙera suka yi su ne mafi daraja a wannan fanni, kuma mafi koyar da darasi. A wasunsu an rufe gaba da bayan silinda da faranti domin bindigar ta yi sumul. Da aka gwada sai aka ga farantin yana tare wutar harbi, ya watsa ta gefe zuwa sauran ramuka, su tashi gaba ɗaya. Colt ya cire rufin, ya sa 'yan katangu tsakanin hulunan tagullar domin wuta kada ta tsallaka, ya kuma ɗan fiƙe bakin kowane rami yadda tartsatsi zai kauce waje. Shi da kansa ya bayyana wannan a laccar da ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyi a Landan a 1851. Wanda ya ga libarbar kasuwa kaɗai zai ɗauka 'yan katangun nan kwalliya ce. Sai ya ga samfurin da ba shi da su sa'an nan zai gane haɗarin da suka zo karewa.

Colt ya sami takardar mallakar ƙirƙira a Ingila a 1835, a Amurka kuma ran 25 ga Fabrairu, 1836. A wannan shekara aka kafa kamfani a garin Paterson na jihar New Jersey. Libarbar Paterson mai rami biyar ce, kunamarta a ɓoye take, ba ta fitowa sai an ja guduma. Ba ta sami kasuwa ba, kamfanin ya durƙushe a 1842.

Gobara biyu a ofishi guda

Akwai wani nau'in samfuri na dabam wanda ya kamata a fahimta. A ƙarni na 19 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka yana neman mai neman rajista ya kawo ɗan ƙaramin samfuri tare da zane da bayani, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce inci 12, wato kimanin santimita 30, ta kowace fuska. Ga mai injin nika dole ya yi ƙaramin kwaikwayo, amma mai libarba sau da yawa yana iya miƙa ita kanta bindigar. Ta haka ofishin da ke Washinton ya zama rumbun samfuran farko na ƙasar baki ɗaya.

Ran 15 ga Disamba, 1836, watanni goma bayan Colt ya karɓi takardarsa, gobara ta cinye ofishin ƙurmus. Takardun rajista kimanin 10,000 da samfura kimanin 7,000 suka salwanta. A 1877 wata gobarar ta sake tashi a sabon ginin, ta lashe dubun dubatar samfura. A 1880 ofishin ya daina neman samfuri gaba ɗaya saboda rashin wurin ajiya, a 1925 kuma gwamnati ta yanke shawarar rabuwa da waɗanda suka rage. Cibiyar Smithsonian ta zaɓi wasu, aka mayar wa iyalan masu ƙirƙira wasu, ragowar kuma attajirin magungunan nan Henry Wellcome ya saye. Bayan mutuwarsa suka riƙa sauya hannu, suna watsuwa ta hanyar gwanjo. Samfurin da ya fito daga wannan rumbu yakan zo da 'yar takarda ɗaure a jikinsa mai ɗauke da sunan mai shi da lamba da kwanan wata. A wurin masu tarawa wannan 'yar takarda da ta yi ja saboda tsufa tana iya zama rabin darajar kayan.

Masana'antar Colt ma ba ta tsira ba, domin a watan Fabrairu na 1864, shekara biyu bayan mutuwarsa, gobara ta cinye babban ɓangarenta a Hartford. Abin da kamfanin ya adana na samfuransa ya miƙa wa gidan tarihin jihar Connecticut a 1957.

Walker, da abin da ya sa take tsada

A 1839 rundunar ruwa ta Teksas, wadda a lokacin ƙasa ce mai cin gashin kanta, ta sayi libarbar Paterson guda 180. Daga baya suka koma hannun dakarun sintiri na kan doki. A 1844 wasu daga cikinsu, mutum kimanin 15 a ƙarƙashin John Hays, suka kara da mahayan ƙabilar Komanci da suka ninka su yawa, suka kuma rinjaye su. Kafin wannan lokaci mahayin Komanci yana iya sakin kibau da dama kafin mai bindiga ya sake cika tasa sau ɗaya. Libarba ta juya wannan lissafi, kuma tana cikin kayan da aka yi amfani da su wajen raba 'yan asalin ƙasar da filayensu. Wannan ma yana cikin tarihin da waɗannan ƙarafa ke ɗauke da shi, ko da yake takardun gwanjo ba su cika tsayawa a kansa ba.

Ɗaya daga cikin dakarun, Samuel Walker, shi ne ya nemi Colt lokacin yaƙin Amurka da Meksiko. A farkon 1847 gwamnati ta ba da odar libarba 1,000. Colt ba shi da masana'anta, sai ya ba Eli Whitney ƙarami kwangilar ƙerawa a Whitneyville, aka kuma ƙara 100 domin kyauta da sayar wa farar hula. Libarbar Walker ƙatuwa ce, nauyinta kimanin kilo 2, mai rami shida, kuma kowane rami yana cin albarushi kusan na doguwar bindiga. Ƙarfen zamanin bai iya jure wannan matsi ba, silindu da yawa suka tsage, aka mayar da kusan 300 domin gyara. Shi kansa Walker an kashe shi a Meksiko a watan Oktoba na wannan shekara.

Walker ba samfurin gwaji ba ce a zahiri, amma ita ke nuna yadda kasuwar take. Waɗanda aka san suna nan ba su kai 200 ba. A 2018 kamfanin gwanjo na Rock Island ya sayar da guda ɗaya, wadda wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Danmak ya saya tun asali kuma take cikin akwatinta, a kan dala miliyan 1.84. Ƙarancinta ya taimaka, amma abin da ya kai ta wannan farashi shi ne an san hannuwan da ta bi.

Rami guda da ya tsayar da masana'antu

Wani ma'aikacin Colt mai suna Rollin White ya yi tunanin huda ramukan silinda su zarce daga gaba har baya, yadda za a iya cika bindiga ta baya. Colt ya duba ya ƙi. White ya bar aikin, ya yi rajistar dabarar a watan Afrilu na 1855. Bindigar da shi kansa ya zana tarkace ce mai wuyar aiki, ba ta taɓa shiga kasuwa ba, amma a cikin bayanin rajistar akwai wannan magana ta ramin da ya zarce.

A daidai lokacin Horace Smith da Daniel Wesson suna aiki a kan harsashi mai kwanson tagulla, wanda ya haɗa dalma da albarushi da sinadarin tayarwa wuri guda. Irin wannan harsashi ta baya ake sa shi, saboda haka yana bukatar ramin White. A 1856 suka yi yarjejeniya da shi: su kaɗai za su yi amfani da dabarar, za su biya shi santi 25 a kan kowace libarba, shi kuma zai ɗauki nauyin kai duk mai kwaikwayo kotu. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya cinye mafi yawan abin da ya samu. A 1857, shekarar da takardar Colt ta ƙare, kamfanin Smith & Wesson ya fitar da libarbarsa ta farko mai rami bakwai.

Daga nan har 1869 sauran masana'antun Amurka suka shiga tsaka mai wuya. Kowa ya ga harsashi mai kwanso shi ne abin yayi, amma doka ta hana huda rami ya zarce. Sai aka shiga zagaye. Daniel Moore ya yi harsashin da ake sawa ta gaba, mai ɗan tsiro kamar kan nono a gindi, wanda ke leƙowa ta wata 'yar kafa guduma ta doke shi. Libarbar Slocum kuwa kowane rami kwanso ne mai zamewa gaba, a sa harsashi ta gefe a mayar. Kamfanin Colt kansa ya fito da dabarar Alexander Thuer, harsashi mai siririn gindi wanda ake cusawa ta gaba. Duk waɗannan sun mutu da zarar takardar White ta ƙare. Ya nemi a tsawaita masa, aka ƙi, majalisa ta zartar da dokar sake duba batunsa, Shugaba Grant ya ƙi sa hannu a watan Janairu na 1870, bisa hujjar cewa takardar ta kawo wa sojoji cikas a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865.

Waɗannan shekaru su ne dausayin masu tara samfura. Babu wani lokaci da aka yi gwaje-gwaje masu ban mamaki kamarsa, kuma ba matsalar kimiyya ce ta jawo su ba, jimla guda ce a takardar doka.

Libarbar da Winchester bai sayar ba

An san kamfanin Winchester da dogayen bindigogi, amma a shekarun 1870 ma'aikatansa sun ƙera libarbobin gwaji da dama. Wasunsu suna da silinda mai fitowa gefe domin zubar da kwansuna, tsarin da Colt bai kai kasuwa ba sai 1889. An daɗe ana jingina su ga Hugo Borchardt, Bajamushen da ya yi aiki a can, har sunansa ya bi su. Da aka koma kan takardun kamfanin da na rajista sai aka ga mafi yawan aikin na William Wetmore da Stephen Wood ne. Sunan da ya fi shahara yakan janye aikin wasu zuwa kansa, kuma dillali ba ya gaggawar gyara kuskuren da ke ƙara wa kayansa farashi.

A 1883 Colt ya shiga gonar Winchester da doguwar bindiga mai suna Burgess. William Mason, wanda ya yi aiki a kan shahararriyar libarbar Colt ta 1873, ya riga ya koma Winchester a 1882, ya kuma ƙera musu libarbar gwaji. Labarin da masu tarawa ke bayarwa shi ne wai shugabannin Winchester sun je Hartford sun nuna samfurin, aka fahimci juna, kowa ya tsaya a gonarsa. Labari ne na baka. Abin da lissafi ya tabbatar shi ne Colt ya daina ƙera Burgess bayan guda 6,403, Winchester kuma bai sa libarbar a kasuwa ba. Da yawa daga waɗannan samfura suna gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming.

Yadda ake gane na gaske

Ga inda wahalar take. Bindigar kasuwa tana da lamba, kuma kamfanoni irin su Colt da Smith & Wesson suna da tsofaffin littattafan fitar da kaya, ana iya biya su rubuto wasiƙa su faɗi ranar da lamba kaza ta bar masana'anta da inda aka kai ta. Samfurin gwaji kuwa sau da yawa ba lamba, ba tambari, ba shafe, ba ya cikin littafi, kuma bai yi kama da komai ba. Waɗannan siffofi da ke nuna shi na gwaji ne, su ne kuma mafi sauƙin kwaikwayo. Mai jabu zai iya haɗa sassan tsofaffin bindigogi biyu, ya goge lambobin, ya ce ga abin da ba a taɓa gani ba. Akwai kuma waɗanda ma'aikata suka haɗa a gida da sassan da suka riƙa fitarwa a kwanon abinci. Tsofaffi ne na gaske, amma ba su da wata alaƙa da ɗakin gwajin kamfani.

Abu na farko da masani zai duba shi ne ƙarfen. Baƙin ƙarfen da aka yi jikin libarbobin farko da shi ana samar da shi ta hanyar duka da naɗewa, saboda haka akwai zaren kashin ƙarfe a cikinsa, wanda ke bayyana a madubin ƙara girma kamar jijiyoyin itace. Ƙarfen zamani ba shi da wannan zare. Akwai kuma wata na'ura ta hannu da ke harba hasken eksire a jikin ƙarfe. Hasken yakan fizge lantarki daga cikin ƙwayoyin zarra, idan wasu suka cike gurbin sai kowane sinadari ya fitar da haske mai ƙarfin da ya keɓanta da shi, na'urar ta karanta. In aka tarar da kuromiyam da molibdenam a silindar da aka ce ta 1840 ce, magana ta ƙare, domin irin wannan haɗi na ƙarni na 20 ne. Gwajin ba ya ɓata komai a jikin bindigar.

Na biyu shi ne sawun kayan aiki. Magagari yana barin layuka marasa daidaito masu bin motsin hannu, injin yanka kuwa yana barin layuka masu tazara ɗaya. A cikin sassan da ido ba ya gani, inda ba wanda ya damu da gogewa, a nan gaskiya ke fitowa. Hoton eksire kuma yana nuna walda da aka ɓoye a ƙarƙashin tsatsa, alhali waldar lantarki ba ta samu ba sai ƙarshen ƙarni na 19.

Tun 1959 kamfanin Uberti na Italiya ke ƙera kwaikwayon tsofaffin libarbobin Colt domin masu sha'awa da masu fim, sana'a ce ta halal, kuma suna sa tambarinsu. Mai jabu shi ke goge tambarin, ya jiƙa bindigar a ruwan gishiri ko asid ta tsufa. Sai dai zaren sukurorin Italiya a ma'aunin milimita yake, na tsohuwar Amurka kuwa a inci. Haka nan layukan da ke murɗe a cikin bututu: a yawancin libarbobin Colt na asali murɗin yana ƙaruwa daga gindi zuwa baki, a yawancin kwaikwayo kuwa bai ɗaya ne. Tsatsar asid ma tana cin ko'ina daidai, ta shekaru kuwa ta fi yawa inda gumin hannu da tokar albarushi suka taɓa.

Ko lambar da aka goge tana iya dawowa. Idan aka buga lamba a ƙarfe, matsin yana sauya tsarin ƙwayoyin ƙarfen har ƙasa da zurfin da ido ke gani. Bayan an goge saman, in aka shafa asid, wurin da ya matsu ba ya ciwuwa daidai da na kewaye, sai lambar ta bayyana kamar inuwa. Masu binciken laifuka sun daɗe da wannan dabara. Da yake asid yana ɓata kayan tarihi, an fi son hanyar maganaɗisu, inda ake yayyafa garin ƙarfe ya taru a kan sawun lambar.

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna iya tabbatar da cewa abu jabu ne, amma ba su isa su tabbatar da cewa daga teburin Pearson ko Mason ya fito ba. Wannan sai takarda: zanen rajista da ya yi daidai da bindigar, ko tsohon jerin kayan kamfani, ko wasiƙa, ko bayanan shari'a. Shari'o'in ƙirƙira suna da amfani ƙwarai a nan, domin akan kawo bindigogi gaban alƙali a bayyana su dalla-dalla, kamar yadda aka yi a Boston a 1851 lokacin da Colt ya kai kamfanin Massachusetts Arms ƙara ya kuma yi nasara.

Doka da adanawa

Dokar tarayya ta Amurka ta 1968 ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, abin da ya sauƙaƙa cinikinta, ko da yake wasu jihohi suna da nasu ƙa'idoji. A Nijeriya lamarin dabam yake, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin makaman da aka haramta mallaka sai da izinin shugaban ƙasa.

Wanda ya mallaki samfurin gwaji ba ya harba shi, kuma babban kuskuren da zai yi shi ne ya goge shi ya yi ƙyalli, domin tare da dattin zai tafi da sawun magagari da sauran shaidu. Baƙi-baƙin shuɗin da ke jikin tsohuwar bindiga wani nau'in tsatsa ne da aka yi da gangan, siririn rufi mai manne wa ƙarfe. Jar tsatsa kuwa tana kumbura, ta ɓare, ta buɗe sabon wuri ga iska da danshi. Samfuran gwaji da yawa ba a yi musu ko wannan rufin ba, saboda haka sun fi saurin lalacewa. Gidajen tarihi suna riƙe danshin ɗaki ƙasa da kashi 50 cikin ɗari, suna shafa kaki mara asid a madadin mai, ba sa kuma taɓa ƙarfe sai da safar hannu, domin gishirin gumi yana iya zana yatsan mutum a jiki har abada. Ba a barin bindiga cikin kubenta na fata, saboda sinadaran jima suna cin ƙarfe, suna kuma sa tagulla ta yi kore. Irin wannan kulawa ita ce takubba da tsofaffin bindigogin da ke fadoji da gidajen tarihi na ƙasar Hausa ke bukata, musamman da damina.

Akwai wani haɗari da ma'aikatan gidan tarihi ke fara dubawa kafin komai. Albarushi ba ya mutuwa da tsufa in dai bai jiƙe ba, kuma ana samun tsofaffin libarbobi da aka ajiye da cikinsu. Saboda haka duk wadda ta shigo sai an zura siririn tsinke a kowane rami an auna zurfinsa, an gwada da tsawon silindar daga waje. In tsinken ya tsaya kafin ya kai gindi, sai a ɗauki hoton eksire a ga abin da ke ciki kafin kowa ya taɓa guduma.